Neman shawara kan shokan da zan saka wa motata

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana harkar mota. Ina zaune a Jidda, kuma ina da Toyota 86 ƙirar 2013, wadda nake son in sauya mata shoka da irin wanda sifirinsa ke naɗe a jikinsa, wato wanda ake iya ɗaga mota ko sauke ta da shi.

Bara na sayi wani mai araha marar suna a Sana'iyya, wato unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota, amma bai yi wata huɗu ba na baya na dama ya fara yoyon mai, har na ga ƙura ta manne masa baƙi ƙirin, ga ƙara duk lokacin da na hau tudun rage gudu a unguwarmu.

Yanzu hankalina ya rabu tsakanin biyu. Tein Street Basis Z ya fi sauƙin kuɗi, sai dai tsayi kawai ake daidaitawa a jikinsa, shi kuwa BC Racing BR yana da matakai 30 na tauri da laushi, abin da ya ja ra'ayina domin nakan hau hanyar Al-Hada zuwa Ɗa'ifa, inda kwanoni suka yi yawa. Ba na shiga tsere, kuma da motar nake zuwa aiki kullum.

Wanne ne ya fi jure zafin Jidda da danshin teku ba tare da zaren daidaitawar, wato tsagin jikin shokan da ake murɗa noti a kai don daidaita tsayi, ya yi tsatsa ya cije ba? Sannan akwai wanda ya sauke motarsa kaɗan kuma ta wuce fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, lafiya? Allah ya saka da alheri.