Muhawara: Shin gwiwoyin masu roƙo ne suka riƙe Abuja?

Shugabar zumuntar mata, Nyanya:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ranar Lahadi fastonmu ya sanar da azumi da addu'ar dare domin Abuja, ya ce ba don gwiwoyin masu roƙo ba, da tuni birnin nan ya zama kufai. Na ji wasu matasa suna gunaguni a bakin ƙofar majami'a, shi ya sa na kawo maganar nan. Ni dai na yarda da shi. Ina Nyanya da safiyar 14 ga Afrilu 2014 lokacin da bam ya tashi a tashar mota, kuma har yau ina ganin takalma warwatse a ƙasa da kular abincin wata baiwar Allah da ta fito za ta wurin aiki. Kafin nan, a shekarar 2011 kaɗai, an kai hari hedikwatar 'yan sanda a watan Yuni, sannan ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Agusta. Wanda ya ga wannan, ya kuma ga yaranmu suna zuwa makaranta a yau, ba zai raina mata masu kwana a durƙushe ba. Zabura ta 127 ta faɗa mana cewa idan Ubangiji bai tsare birni ba, mai gadi wahalar banza yake yi.

Malamin sakandare, Kubwa:
Mama, ina cikin waɗanda suka yi gunagunin, kuma ina neman gafara idan muryata ta yi sama. Ban taɓa musun ikon addu'a ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni ɗan Filato ne, kuma na san yadda iyayenmu suka yi kuka gaban Allah a Jos a 2001 da 2008, duk da haka aka wayi gari da abin da ya faru a Dogo Nahawa a watan Maris na 2010. Idan muka ce roƙonmu ne ya riƙe Abuja, me za mu gaya wa gwauruwar da ke can? Shin nata roƙon ne bai kai ba? Haka ma mutanen da bam ya kashe a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, daga sujada suke fitowa.

Dattijon ikkilisiya, Karu:
Ɗana, tambayarka tana da nauyi, kuma ba na jin akwai wanda zai amsa ta da gaggawa. Mama kuma ba ta yi kuskure ba da ta riƙe addu'a, domin Nehemiya ya yi roƙo, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Damuwata tana wani wuri dabam. Na halarci tarurrukan wasu ƙungiyoyin addu'a inda ake ta maganar ƙwace ƙofofin birni da mallake kujerar mulki, ana miƙa hannu wajen Aso Rock kamar nan ne kaɗai Abuja. Ayar da muke yawan jingina da ita, wato Irmiya 29:7, ba domin Urushalima aka rubuta ta ba. An umarci bayin da ke Babila ne su nemi lafiyar birnin mutanen da ba sa bin Allahnsu, domin a cikin lafiyarsa za su sami tasu. Da gwamnatin Murtala ta zaɓi wannan wuri a 1976, dalilinta shi ne a sami birnin da babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne, kuma a kan wannan fata aka taso daga Legas a watan Disamba na 1991. Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa suna hango juna, maƙwabtanmu Musulmi su ma suna roƙon zaman lafiya kowace Juma'a. Sannan akwai Gbagyi, wato Gwarawa 'yan asalin wannan wuri, waɗanda aka tayar daga gonakinsu da kaburburan kakanninsu, kuma a duk tarurrukan da na je ban taɓa jin an ambace su ba, alhali da yawansu muna cin jibin Ubangiji tare.

Shugabar zumuntar mata, Nyanya:
Baba, maganar Gbagyi ta soke ni, domin mai jan waƙa a zumuntarmu Bagwariya ce, ban kuwa taɓa tambayarta inda gidan mahaifinta yake ba. Malam, ba ni da amsar da zan ba gwauruwar Filato, sai dai in durƙusa tare da ita. Amma ban janye ba, har yanzu na gaskata Allah yana jin kukanmu domin birnin nan. Ranar Juma'a da ƙarfe 10 na dare za mu fara, zan kuma roƙi fasto mu sa Filato da Gbagyi da masu sharar titunan Maitama da ke kwana a Mararaba cikin abin da za mu kai gaban Ubangiji. Malam, ina so kai ne za ka jagoranci sashen Filato.

Malamin sakandare, Kubwa:
Zan zo, Mama, amma ina so in ga fasto tukuna a kan kalmar kufai ɗin nan.