Idan mutum biyu sun yarda su daku, ina ruwan kotu?

Koci: Jama'a, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Baligai biyu, ba wanda ya tilasta musu, suka sa rana suka shiga fage, 'yan kallo suka biya kuɗin shiga. Don kawai babu lasisin hukumar dambe sai a gurfanar da su? Ni a wurina shisshigi ne. Jikinsu ne.

Ɗalibar Lauya: Malam Koci, Allah ya huci zuciyarka, amma "jikina ne" ba ya wanke mutum a nan. Tun 1882, a shari'ar Coney, alƙalan Ingila suka ce damben kuɗi da ba a sa safar hannu laifi ne ko da duka biyun sun amince. A 1981 kotun ɗaukaka ƙara ta sake faɗar haka kan wasu matasa biyu da suka yarda su raba gardama da naushi a titi. Wasa mai ƙa'ida da alƙalin wasa yana cikin abubuwan da aka keɓe.

Koci: To ƙanwata, naushi ai naushi ne. Takarda ce ke mayar da shi halal?

Malamar Jinya: Bari in shigo nan. Dokar damben Amurka ta 1996 ta wajabta a duba lafiyar ɗan dambe kafin wasa, a ajiye likita a bakin fage, da motar asibiti ko kayan ceto, da inshora. Dalilin shi ne mutum na iya shan bugu a ka ya tashi yana dariya, ya sha ruwa, har ya gaisa da abokin karawarsa. Can sai ciwon kai, sai amai, ka haska idonsa ka ga ƙwayar ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. Jini ne ke taruwa a ƙoƙon kai, kuma jinkiri kaɗan ke raba tashi da nakasa. Ɗan damben Birtaniya Michael Watson a wasa mai lasisi ya faɗi a 1991, duk da haka kotu ta samu hukumar damben Birtaniya da sakaci wajen agajin gaggawa. Ina ga wanda ya faɗi a gareji, abokansa na tsoron kiran asibiti kada a kama su?

Koci: Anti, ai ke kika ba ni hujja! Tsoron kamun nan waye ya haifar da shi? New York ta haramta ƙwararrun wasan MMA, mai haɗa naushi da shuri da kokawa, daga 1997 har 2016, kuma ba a daina karawa a ɓoye ba. Faransa sai 2020 ta halatta. Jihar Wyoming kuwa a 2018 ta ba da izinin damben da babu safa, abin da shari'ar Coney ta kira laifi.

Ɗalibar Lauya: Wyoming ba ta ce kowa ya yi gaban kansa ba, ƙarƙashin hukuma ta sa shi. Amma akwai inda nake ganin doka ta zarce. Sashe na 83 na kundin laifukan Kanada bai tsaya kan masu karawa da mai shiryawa ba, ya haɗa har da likita da alƙalin wasan da suka halarci damben da ba shi da izini.

Malamar Jinya: Likita ma? To wane likita zai je? An kore mutum ɗaya tilo da zai iya ceton rai ke nan.

Baban Yara: 'Ya'yana, kun bar jaki kuna dukan taiki. Yaran da ke dakuwa galibi talauci ne ya kai su. A kama mai karɓar kuɗin ƙofa da na caca, wanda ke haɗa sabon shiga da gwani don bidiyo ya samu masu kallo.

Koci: Baba, wannan na yarda. Amma in babu ko sisi a ciki fa, abokai ne kawai da safa da mai tsayar da wasa?

Ɗalibar Lauya: Ya danganta da ƙasa. A Ingila rashin lasisin hukumar dambe shi kaɗai bai sa wasa ya zama laifi ba, don hukumar ba ta gwamnati ba ce. A wasu jihohin Amurka kuwa ya isa a tuhume ka.

Baban Yara: Masu ɗaga waya suna ɗauka fa, su ma a ciki?

Ɗalibar Lauya: A Coney an ce tsayawa kallo kawai bai isa ba, Baba, sai an nuna mutum ya zuga.