Kwamfutata ta fara zafi da nauyi, wace irin kulawa take buƙata?

Baban Nana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta shekara 5 a hannuna. Ni nake aiki da ita da dare, yara su yi karatu da rana. Tun watan jiya in na kunna ta sai na jira kusan minti 4 kafin in buɗe komai. Fankarta na ƙugi ba tsayawa, gefen hagu kuma zafi rau, ba ta ɗoruwa a cinya. Windows 10 ce a kanta. Ban da goge allo, ban taɓa yi mata komai ba. Don Allah me ya kamata in riƙa yi mata? Duk hotunan yarana tun suna jarirai a cikinta suke.

Mai Sukudireba:
Wa alaikumus salam Malam. Zafin nan da nauyin uwarsu ɗaya, ƙura ce. Fanka tana zuƙo iska ta ƙasa, ta hura ta ta cikin wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji. A bakin ƙarafan nan ƙura da zaren bargo suke taruwa, har su zama wani faffaɗan abu kamar auduga, ka ɗago shi da yatsa biyu ya taho gaba ɗaya. Iska ta rasa mafita. Shi kuma firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, in zafinsa ya doshi digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace.

Kashe ta, zare caja, ka kwance murfin ƙasa. Sa buroshi mai laushi. In za ka hura da iskar gwangwani, tokare fankar da tsinke kada ta yi ta juyi. Kada ka hura da baki, akwai danshi. Ni duk wata 6 nake yi wa tawa. Akwai kuma wani mai mai launin toka tsakanin firosesa da jan ƙarfen da ke ɗauke zafi, bayan shekara 5 da wuya bai bushe ba. Wannan kam ka bai wa wanda hannunsa ya saba. Kuma a hana yara ɗora ta a katifa ko filo, ƙofofin iskar suke toshewa.

Ummu Sadiƙ:
Yaya, don Allah kafin ka taɓa noti ko ɗaya, ka kwafe hotunan nan. Tawa ta yi sati biyu tana wani ƙas-ƙas daga ciki, na ɗauka ba komai. Wata safiya ta ƙi tashi, hotunan mahaifiyata na ƙarshe suka tafi da faifan ajiyar. Har yau abin na ci mini rai. Yanzu duk abin da nake ji da shi wuri 3 nake ajiye shi: a kwamfutar, a faifan waje, da kuma a intanet. Duk ƙarshen wata ina kwafa, sannan in buɗe hoto biyu ko uku daga cikin kwafin in tabbatar suna buɗuwa.

Ɗan Aji Uku:
Baba, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Startup ka kashe manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar ba gaira ba dalili. Sau ɗaya a mako ka danna Restart, domin Shut down a Windows 10 yawanci ba ya sauke komai gaba ɗaya, yana adana wani sashe don ta tashi da sauri. Manhajar kariya ɗaya ta isa, Microsoft Defender na ciki tun asali. Ka sani kuma Microsoft ya daina tura wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ESU, wato na ƙarin wa'adin sabuntawar. Sannan ka riƙa yi wa faifan ajiyarta difirag, wato tattara gutsattsarin fayilolin da suka warwatse a kansa.

Mai Sukudireba:
Ƙanena, maganarka daidai, sai dai ta ƙarshen. Windows da kanta take tsara faifai duk mako. In kuma SSD ne, wato sabon nau'in faifan ajiya mai sauri, ba ya buƙatar difirag, tunda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Malam, in naka HDD ne mai juyi, canza shi da SSD shi ne babban gatan da za ka yi mata.

Baban Nana:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, Allah ya jiƙan Mama, naki na fara bi, hoto 6,000 da 'yan kai na kwafe daren jiya. Da safe na kwance murfin, Nana na riƙe min fitila. Ƙurar da na ciro ta kai kaurin ɗan yatsana. Yanzu sai na kara kunne nake jin fankar, manhajoji 9 kuma na kashe a Startup. Faifan HDD ne. Malam Mai Sukudireba, in na sa SSD, Windows ɗin za a iya kwafe ta yadda take, ko sai an ɗora sabuwa?