Tambaya kan maganar Musa bin Maimun game da hankali

Dalibi_Sabo:
Salam jama'a. Don Allah wanda ya karanci falsafa ya agaza min. Ina karatu kan Musa bin Maimun, malamin Yahudawan nan haifaffen Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, sai na ci karo da inda yake cewa wai idan mutum ya san abu, to hankalin da mai hankalta da abin da aka hankalta duk abu ɗaya ne. Wallahi kaina ya ɗaure, ya za a ce ni da abin da na sani mun zama ɗaya?

Mai_Alkalami:
Wa'alaikumus salam ƙanena. A Dalalatul Ha'irin yake, kashi na farko babi na 68, da Larabci ma ya rubuta littafin amma da haruffan Ibrananci. Misalin da ya kawo na itace ne. Kafin ka san itace hankalinka yana da ikon sani ne kawai, to da ka cire siffar itacen daga jikinsa, ka bar tsayinsa da launinsa da inda ya tsiro, abin da ya rage shi ne "itace" tsantsa, wannan cirewar ita suke kira tajridi, kuma siffar nan ba ta da wani mazauni a lokacin sai hankalinka, ita ce ma hankalin naka a aikace. Ba wai ka koma bishiya ba fa. Asalin maganar ta Aristotal ce, ta hannun su Farabi ta iso masa.

Hajiya_Tarihi:
Malam ka bar rabin zancen ai. Ba duk malamansu suka yarda ba. Tun kafin shi Yahuda Halevi, wajen 1140, ya caccaki 'yan falsafa, a wurinsa abin da jama'a suka gani da ido a Dutsen Sinai aka riƙa ruwaitowa ya fi hujjar hankali ƙarfi. Duk wanda ya karanci Gazali zai ji ƙamshinsa a ciki.

Dalibi_Sabo:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. To amma in haka ne, wanda bai yi zurfin karatu ba fa?

Mai_Alkalami:
Nan ne rigimar take. A wurin 'yan falsafa irin su Musa bin Maimun abin da ke wanzuwa bayan mutuwa shi ne hankalin da mutum ya samu ta ilimi. Hasdai Kireskas, malamin Yahudawa haifaffen Barsalona, wajen 1410, ya ce sam, ƙaunar Ubangiji ce ke kai bawa ga tsira, ba tarin ma'anoni ba. Ni dai nan na fi jin Kireskas gaskiya.