Tambaya: me hoton mutum mai tauraro a ƙirji yake nufi a jikin gwangwanin gam?

Kafinta_Panteka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin kemikal ko ma'aikatan lafiya a taimaka min da bayani. Ina da shagon kujeru kushin a Panteka, kuma gam ɗin nan mai ruwan ɗorawa da muke manna soso da fomaika da shi, wanda yara ke ce wa sholisho, kullum muna cikinsa daga safe har magariba. Da a gorar ruwa muke siyowa wajen masu aunawa, ba rubutu ba komai, to wannan karon aiki ya yi yawa sai na sayi babban gwangwani a rufe, shine na ga hotuna guda huɗu a jiki kowanne an zagaye shi da jan layi. Akwai wuta, akwai alamar motsin rai, akwai mataccen kifi da busasshiyar bishiya, sai kuma wani mutum da abu kamar tauraro ya fashe a ƙirjinsa. An rubuta Danger sannan wasu lambobi masu farawa da H.

Na wuta na gane shi. Na mutumin nan ne ya tsaya min a rai, wani maƙwabcina ya ce alamar kansa ce, wani kuma ya ce a'a turawa ne kawai da son tsoratar da mutane. Abin da ya sa na damu, akwai yaro ɗaya a cikin yarana, shi ne mai shafa gam ɗin, kwanakin nan yana cewa tafin ƙafarsa kamar ba nasa ba, silifas yana fita bai sani ba, kuma yatsunsa ba sa riƙe burushi kamar da. Amanar iyayensa ce a hannuna. Shin akwai alaƙa ko babu?

Abba_Rigasa:
Wa'alaikumus salam oga. Mu dai a wajen faci abin da muka taso muka gani shine in an gama aiki a sha madara gwangwani ɗaya tana wanke ƙirji. A dinga ba yaron kullum, insha Allahu zai warware.

Injiniya_Kakuri:
Malam Abba ka yi haƙuri amma madara ba ta wanke komai a nan, tururin gam huhu yake shiga daga nan ya wuce jini, madara kuma ciki take zuwa, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce.

Malam kafinta, aikina kenan kula da lafiyar ma'aikata a masana'anta, bari in maka bayani yadda zan iya. Waɗannan hotuna ba kamfanin ne ya ƙirƙiro su ba, tsari ne na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira GHS, an fara fitar da shi a 2003 saboda ya zama ko daga Sin kaya ya zo ko Indiya ko Turkiyya alama ɗaya za ka gani. Hotunan guda 9 ne gaba ɗaya. Kalmar gargaɗi kuma biyu ce, Danger ita ce mai tsanani, Warning ƙasa da ita.

Mutumin mai tauraro a ƙirji ba kansa kaɗai yake nufi ba, kuma maƙwabcin da ya ce tsoratarwa ce shi ma bai faɗi daidai ba. Wannan hoton an tara masa cututtuka masu nauyi wuri ɗaya: abin da ke jawo kansa, abin da ke taɓa haihuwa ko ɗan da ke ciki, abin da ke jawo asma, abin da ke lalata wani sashe na jiki a hankali kamar jijiyoyi ko hanta ko ƙoda, da kuma abin da in an haɗiye shi ya sarƙe ya gangara huhu zai iya kisa. Shi kuma hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, wanda ba ka ce ka gani ba, na gubar da ke kamawa nan take ne. To mutane in ba su ga ƙoƙon kai ba sai su ce ai ba guba ba ce, alhali na tauraron nan shi ne wanda ya fi cin masu sana'a irin taku, don ba ya kayar da kai yau, sai an yi watanni ko shekaru.

In kana so ka san wanne ne daga ciki, lambobin H ɗin nan za ka duba. Masu farawa da 2 na wuta da fashewa ne, masu 3 na lafiyar jiki, masu 4 na muhalli. H350 ita ce kansa, H351 ana zargin kansa, H334 asma, H360 da H361 haihuwa, H372 da H373 lalata sashen jiki in an daɗe ana shaƙa. Sannan in ka ga an rubuta kategori, to lamba ƙarama ita ce mafi muni, 1 ta fi 2 hatsari, mutane da yawa suna juya wannan. Ka kwafo mana lambobin da sunan sinadaran da aka rubuta a jiki.

Kafinta_Panteka:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Ga su kamar yadda suke: H225, H304, H315, H336, H361, H373, H411. A wajen abin da ke ciki kuma an sa toluene da n-hexane da polychloroprene. Ban ga H350 ba.

Injiniya_Kakuri:
Toh madalla, yanzu magana ta fito. Polychloroprene ita ce robar da ke yin mannewar, ba ita ce babbar matsala ba. Sauran biyun su ne ruwan da aka narkar da ita a ciki, su ne warin da kake ji, kuma sai sun tashi sun bi iska kafin gam ya kama, wato duk abin da ya bushe a kan soso cikin iskar shagonka ya koma.

H225 yana kama wuta da sauri sosai. Toluene tun daga digiri 4 tururinsa ke iya kamawa, hexane kuwa tun ƙasa da sifili, to ka auna da zafin Kaduna a watan Maris. Tururin ya fi iska nauyi kusan sau uku saboda haka ƙasa yake bi, zai iya rarrafawa ya iske janareta ko kaskon wuta a bakin ƙofa. H304 in an haɗiye ya shiga hanyar numfashi zai iya kisa. H315 yana cin fata. H336 jiri da barci, shine abin da yaran da ke shaƙa a tsumma suke nema. H361 ana zargin yana taɓa haihuwa, toluene ta ɓangaren ɗan da ke ciki, hexane ta ɓangaren ƙarfin haihuwa. H411 shine kifin nan, kar a zuba ragowa a kwata. H373 kuma ita ce ta yaronka, amma wannan bari ma'aikatan asibiti su yi magana.

Abu ɗaya da zan ƙara, rashin H350 a wannan gwangwanin bai wanke wanda kuke siya a gora ba. Wanda aka auna maka ba ka san me aka tsinka shi da shi ba, in da fetur ne to fetur akwai wani sinadari a ciki da ake kira benzin (benzene), shi kuma benzin hukumar binciken kansa ta duniya IARC ta sa shi a rukuni na 1, wato an tabbatar yana jawo kansar jini. A Istanbul wajen shekarun 1970 wani likita Muzaffer Aksoy a kan masu yin takalma ya nuna hakan, gam ɗinsu da benzin aka haɗa shi. Ni a wajena gwangwani mai hotuna masu ban tsoro ya fi gora mara rubutu sau dubu, ko ba komai ya gaya maka me ke ciki.

Nas_Hauwa:
Yaya kafinta dan Allah kar ka jira, ka cire yaron nan daga wajen gam tun gobe, ba wai ya rage ba, ya bari gaba ɗaya. Abin da ka kwatanta ya yi kama sosai da abin da n-hexane ke yi. In ya shiga jiki hanta tana juya shi zuwa wani sinadari da ke lalata dogayen jijiyoyi, shi ya sa yake farawa daga yatsun ƙafa da na hannu, duka ɓangare biyu, mutum ya ji kamar ya sa safa alhali bai sa ba, daga baya ƙarfi ya fara tafiya har hawa mataki ya gagara. An san cutar tun shekarun 1960 a wajen masu yin takalma a Japan da Italiya waɗanda ke aiki a ƙananan ɗakuna ba iska.

Amma ba zan ce tabbas ita ce ba daga nan, ciwon suga da ƙarancin bitamin B12 su ma suna kawo mutuwar ƙafa, sai an gwada. Ku kai shi babban asibiti kamar Barau Dikko ko Shika, ku tafi da hoton gwangwanin a waya, kuma ku faɗa wa likita sana'arsa tun kafin ya tambaya, don in ba ku faɗa ba za a iya yi ta neman abu a wani wuri. Wani abu kuma da ya kamata ku sani don kar hankalinku ya tashi, wannan cutar ko an daina shaƙa takan ƙara tsananta na wasu makonni ko 'yan watanni kafin ta fara sauƙi, kuma sauƙin a hankali yake zuwa. Wanda aka cire da wuri yawanci yana warwarewa, wanda aka bari ya daɗe shi ne ake barin sa da rauni. Kuma ka tambaye shi a keɓe cikin lalama ko yana shaƙa da gangan, ba don a ci mutuncinsa ba, likita yana buƙatar sanin hakan. Sauran yaran ma a tambaye su ƙafafunsu.

Sai maganar H304 da nake so iyaye su ji. Gam ko tina, wato ruwan da ake tsinka gam da fenti da shi, a gorar ruwa ko ta lemo, yaro ƙarami ya ɗauka ya kurɓa, sai a ɗura masa manja ko a sa masa yatsa ya yi amai. Wallahi wannan aman shi ne hatsarin, lokacin da abin ke dawowa ne yake sarƙewa ya shiga huhu. Kar a sa shi amai, kar a ɗura masa komai, a ɗauke shi zuwa asibiti da gorar a hannu.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Anti Hauwa ni jaka da takalma nake yi a gida a Unguwar Sanusi, a cikin ɗaki nake shafa gam ɗin saboda ƙura, ga shi ina da ciki yanzu kuma yara suna shigowa. Wannan H361 ɗin ta tayar min da hankali gaskiya.

Nas_Hauwa:
Maman Ilham kwantar da hankalinki amma ki ɗauki mataki. Mafi yawan illar da aka gani a jarirai a wajen matan da ke shaƙa da gangan ne, sai dai aiki a rufaffen ɗaki kullum shi ma ba ƙaramin shaƙa ba ne. Ki bar wa wani shafa gam ɗin har ki haihu, ke ki riƙe yanka da ɗinki, a dinga shafawa a tsakar gida kuma a bar kayan su bushe a can kar a shigo da su ɗakin kwana. In kin je awo ki gaya musu.

Alhaji_Mai_Kaya:
Duk na ji bayananku kuma gaskiya ne, amma a duba halin da ake ciki. Ni ina sayar da kayan kafintoci, mai faci ko mai gyaran takalmi ba zai iya siyan gwangwani ba sai dai a auna masa na ɗari biyar, in na ƙi wani zai auna masa. Takunkumin rufe hanci da ake ta cewa a saka kuma kuɗinsa ya fi ribar kujera.

Injiniya_Kakuri:
Alhaji ba wanda ya ce a daina aunawa, amma me zai hana ka sa a yi maka kwafin takardar jikin durom ɗin ka liƙa a shago, ka kuma daina zubawa a gorar abin sha, ka sa a ƙaramin gwangwani mai murfi ka rubuta GUBA a jiki da alƙalamin maka? Sannan ka nemi dilan da ke kawo maka kaya ya ba ka takardar bayanin kemikal ɗin da ake kira SDS, kowane kamfani na ƙwarai yana da ita, sashe 16 ne, na 2 shi ne hatsari, na 3 abin da ke ciki, na 4 taimakon gaggawa, na 8 kayan kariya. Dilan da ya kasa kawo ta ni zan yi shakkar kayansa.

Takunkumi kuwa shi ne na ƙarshe a lissafi, iska ce ta farko kuma kyauta ce. Malam kafinta, a fito da teburin shafa gam waje ƙarƙashin rumfa, mai shafawa ya tsaya iska na bugun bayansa tana tafiya da warin gaba, a rufe gwangwani duk lokacin da aka ɗiba, tsummokaran da suka jiƙe a sa su a bokitin ƙarfe mai murfi. Lokacin hunturu ne na fi jin tsoro, a rufe ƙofa saboda sanyi a kunna garwashi a ciki, ga shaƙa ga gobara. Kar yara su kwana a shagon da aka yi aikin gam, kar su shafa da yatsa, kar su wanke hannu da fetur ko tina don ta fata ma yana shiga, man gyaɗa ko man shafawa sannan sabulu ya isa ya ɗaga shi. Kuma kar a dogara da hanci, in ka daɗe a ciki hanci yana sabawa ka daina jin warin alhali yana nan.

In za ka sayi takunkumi, irin na korona ko na ƙura ba ya tare tururi ko kaɗan. Sai na roba mai gwangwanaye biyu a gefe masu gawayi a ciki, na Turai za ka ga layi ruwan ƙasa da harafin A, na Amurka baƙin layi, kuma gawayin yana cika sai an canza, in an gama aiki a ɗaure shi a leda. Inda katako ne da katako kuma ku koma farin gam mai ruwa, ba shi da waɗannan sinadaran, sholisho a bar shi ga soso da fomaika da ba yadda za a yi.

Kafinta_Panteka:
Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na yi magana da mahaifin yaron, gobe da safe za mu je asibiti tare, na mayar da shi wajen ɗinkin yadi. Injiniya akwai wani gam mai kwalba biyu da ake haɗawa wanda muke sa wa ƙarfe, shi ma zan ɗauko lambobinsa in turo ka duba mana.