Idan gwajin HIV na mai ba da jini ya nuna alama

Ma'aikatan ɗakin gwaji da masu ba da shawara a Kumasi sun zauna kan wannan matsala, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa gwajin tantance jini ba hukunci ba ne. An ƙera shi ne don kada komai ya kuɓuce masa, shi ya sa wani lokaci yake kama wanda ba shi da cutar. Zazzaɓin cizon sauro, juna biyu ko allurar rigakafi ta kwanan nan na iya jawo haka. Sai kuma sakacin aiki: kayan gwaji da zafi ya wuce digiri 30 a kansu, karanta sakamako bayan lokacinsa, ko musanyar lamba a kwalba.

A fara ware ledar jinin, a duba lambarta, a maimaita gwajin sau biyu. Ko ɗaya ya sake nunawa, a zubar da jinin, babu jayayya.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar mutumin. Kada a faɗa masa ta waya, balle a gaban dangin majinyacin da ya zo taimaka wa, don labari a Zango ba ya kwana. A keɓe da shi, a ce: "Malam, gwajin farko bai fito sarai ba, sai an tabbatar." Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai gwaji uku mabambanta sun nuna a jere kafin a ce mutum na ɗauke da HIV. Idan sun saɓa, ya dawo bayan kwana 14, kuma ya dakata da ba da jini tukuna.