Me za mu kira katangar da ake dasa wa ciyawa a gangare?

Jama'a, a taimaka mini da kalma. Turawa suna cewa vegetated retaining wall. Idan za a yi gida ko hanya a gangare mai tsauri, dole a yanke tudu, ƙasar da ta rage a sama kuwa zubowa take son yi. Maimakon a tare ta da kankare, sai a jera buhunan ƙasa ko kwandunan waya cike da duwatsu hawa-hawa, a shimfiɗa raga mai ƙarfi tsakanin hawa da hawa ta kutsa cikin tudun, sannan a dasa ciyawa a fuskar. Dabarar ƙarfafa ƙasa ta wannan hanya wani Bafaranshe, Henri Vidal, ya fito da ita a shekarun 1960. Da me za mu kira abin?

Amsa ta farko: Malam, ai koriyar katanga ce. Me ya sa za mu wahalar da kanmu?

Mai tambaya: Ƙanena, da rani fa, in ciyawar ta bushe? Katangar tana nan tana aikinta, koren ya tafi. Ga kuma shirin nan na dashen itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, sunansa na Babbar Koriyar Katanga ya riga ya cinye wannan kalma.

Wani: To ganuwa?

Mai tambaya: Ganuwa tsaye take da ƙafarta, mutane take tarewa. Wannan kuwa bayanta tudu ne, da ƙasa take kokawa.

Wani magini: Ranka ya daɗe, mu a wurin aiki tokarewa muke cewa. Bango ya karkata, a tokare shi. Ta kankaren ma ni katangar tokara nake ce mata. Kuma ku sani ba nauyin ƙasa kaɗai ke kayar da ita ba, ruwan da ya taru a bayanta ne. Shi ya sa muke barin ƙananan ramuka a jikinta don ya tsiyaye. Mai ciyawar kuwa duk fuskarta mafitar ruwa ce.

Wata malama: Ni katangar saiwa ta fi mini daɗin faɗa. Dubi jema da ake saƙa zana da ita. 'Yar'uwarta ta Indiya saiwarta na nutsewa mita 3 zuwa 4, ita ake dasawa a gangaren hanyoyi a ƙasashe da yawa.

Mai tambaya: Hajiya, sunan ya yi daɗi, amma ina tsoronsa. Wanda ya ji katangar saiwa zai zaci saiwar ce ke riƙe tudun, ya je ya dasa ciyawa a bayan gidansa ya kwanta barci. Saiwa fuskar kawai take ɗinkewa, ta hana ruwan sama wanke ta. Nauyin yana kan raga da duwatsu. Zaftarewar ƙasa kuwa ba wasa ba ce: a Hong Kong, ranar 18 ga Yuni 1972, ta kashe mutum fiye da 100, har daga baya aka kafa ofishi na musamman don kula da gangare a 1977. Suna bai kamata ya ruɗi mai gini ba.

Maginin: To a ƙara rayayya mana. Ai muna da rayayyen shinge, na aguwa ko bini-da-zugu, ba wanda zai tambayi ma'anarsa.

Mai tambaya: Madalla, Baba. Katangar tokara ga kowace iri, har jeren duwatsun da mutanen Sukur a jihar Adamawa ke tare gonakinsu da shi a kan dutse. Mai ciyawar kuma rayayyar katangar tokara, jam'inta rayayyun katangun tokara. Ya ɗan yi tsawo, amma bakin leburori zai rage shi da kansa.

Malamar: Na bi, ko da yake a aji katangar saiwa za ta riƙa kuɓuce mini.